Masu Bin Sawun Abba Magal

Ni mai tausa ne. Shekara ashirin da tara ke nan ina murza ƙafafun masu gudu a garin nan namu na Bakoji, kuma cikin duk ƙafafun da suka ratsa hannuna babu wadda ta hana ni sukuni kamar ƙafar hagun Dacasa Hirfa. Yaran yanzu ba su ma san wannan suna ba. Abba Magal suke ce masa, da sunan dokinsa, don su dai abin da suka tashi suka gani shi ne wani dattijo mai tumbi a kan keken doki, yana jigilar buhunan sha'ir da matan kasuwa. Ni kuwa na san shi tun ba shi da tumbi ko doki.

Tare muka tashi, tare muka shiga gudu muna samari. A dajin itatuwan turaren da ke bayan gari a layi muke yi, kamar yadda ake yi har gobe, kowa yana ajiye ƙafarsa inda na gabansa ya ɗauke tasa. Na gaba shi ke zaɓar hanya. Yana lanƙwasawa tsakanin itatuwa, in ya ga saiwa ko dutse ya ƙyasta yatsa ya nuna, na bayansa ma ya ƙyasta, har saƙon ya kai ga na ƙarshe. Ba a wuce juna a daji, mai son tsere ya tafi fili. Dacasa ne ke jan layinmu, kuma ban taɓa ganin wanda ya iya ja kamarsa ba. Mutum ashirin za su bi shi sa'a biyu, babu wanda zai yi ko tuntuɓe. Ni ne na biyu kullum, har na fi sanin bayan ƙafarsa a kan fuskarsa.

Yana da shekara ashirin da shida aka sa ranar tseren da za a zaɓi masu tafiya Adis Ababa. Saura mako uku agararsa, jijiyar bayan dunduniya, ta fara ciwo, ya ɓoye, don a lokacinmu wanda ya ce ƙafa na ciwo rago ne. Ran nan muka fita kan titi mai tauri muna gwada sauri. Ina bayansa, jini na tafasa, ina matsa masa har sau biyu ina taka masa dunduniya. Ya ƙara wuta don ya ba ni wuri. Sai na ji ƙara kamar an karya busasshen kara, ya faɗi. Agarar ba ta rabu biyu ba, amma ta yage, ta warke da wani ƙulli mai girman ƙwallon dabino. Bai sake gudu ba. Bai taɓa cewa laifina ne ba, ni ma ban taɓa tayar da maganar ba. Bayan shekara biyu na ajiye nawa gudun na je wurin kawuna mai ɗori na koyi tausa, wanda ya so ya fahimci dalili ya fahimta.

Shekara talatin da ɗaya Dacasa ya yi a kan keken doki. Ya auri Adde Warkitu (mu nan Adde ake ce wa mace don girmamawa, namiji kuma Obbo), suka aurar da 'ya'ya, ya canza doki uku, kowanne sunansa Magal. Hanyarsa ta kasuwa ta gefen daji take bi, kuma na lura in ya zo wurin sai ya sami wani abu da zai duba a ɗaya gefen.

Dokin nan na uku ne ya jawo komai. Wata ranar kasuwa Dacasa ya sauka yana gaisawa da wani, Magal ya ga ciyawa can gaba, ya ja keken ya kama hanya. Ba sukuwa yake ba, tafiya ce ta tsohon doki mai kaya. Dacasa ya bi shi da gudu. Taku hamsin bai cika ba numfashi ya ƙare, ya zauna a bakin kwata yana haki, dokin na ta tafiyarsa. Wata mai albasa ce ta kamo masa linzami. Kasuwa ta kwashe da dariya, wani ya ce gobe a ɗaura Abba Magal a keken, a bar dokin ya riƙe bulala. Ya yi dariya tare da su. Da la'asar sai ga shi a ɗakin tausata, ya zauna a kan benci har na sallami mai jinya na ƙarshe.

"Gammada, gudu zan koma," ya ce.

Na tambaye shi ko Adis Ababa ce har yanzu take kiransa. Ya ce ba ya son zuwa ko'ina, so yake ya ji iska a ƙirjinsa kafin ya mutu. Wannan magana a garinmu baƙuwa ce. Mu nan gudu sana'a ce, ana yi don a fita waje a dawo a gina gida, wanda bai samu ba ya koma gona. Mutum mai shekara hamsin da bakwai ya ce zai yi gudu don daɗi, sai a fara tambayar ko lafiya. Na kama ƙafar na danna ƙullin, na gaya masa abin da ya kamata: wata biyu yana tafiya kawai, sannan mu ga abin da jijiya za ta ce. Ya dube ni kamar na zage shi. Wai shi da ya ja layi shekara bakwai, a ce ya shiga daji yana tafiya kamar mai neman itace.

Bai ji ba. Kwana uku bayan nan ya sayi takalmi na gwanjo ya shiga daji da sassafe shi kaɗai, yana ɗan sassarfa. Da ya tsaya a haka da sauƙi. Sai ga layin 'yan mata kusan ashirin sun taho ta bayansa, wata Biftu na jan su, yarinyar da a shekarar ta fara cin tsere a waje. Hanya siririya, ga furfura a gaba. Ba a wuce mutum a daji, balle dattijo, kuma a wurinmu wanda aka ga yana gudu shi kaɗai abin tausayi ne, ba a barinsa haka. Sai Biftu ta rage gudu ta shiga bayansa, sauran suka bi.

Daga baya ya gaya mini cewa da ya ji ƙafafu arba'in suna sauka tare da tasa, tsigar jikinsa ta tashi. Sannan kunya ta kama shi. Yaran nan abincinsu suke nema, ga shi ya tare musu hanya yana ɓata musu safiya. Kaucewa kuma ba ta zo masa a rai ba, don mai jan layi ba ya barin layi a tsakiyar daji. Sai ya ƙara sauri don kada ya cuce su. Su kuma da suka ga ya ƙara, suka ƙara don kada su bar gibi. Ya ji sun matso, ya sake ƙarawa. Haka suka yi ta girmama juna har minti ashirin, har ƙafar ta ce ta gaji. A kan kekensa aka kawo mini shi, agarar ta kumbura ta yi zafi rau.

Na kai shi asibiti. Suka ce ba ta tsinke ba, amma saura ƙiris, kuma in ta sake faruwa sai aiki a babban gari, a shekarunsa kuwa ba su yi alkawarin zai ajiye sanda ba. Ke nan ba gudu kaɗai zai rasa ba, har hawa keken da yake ci da shi. Biftu ta zo gaishe shi da tulun madara tana kuka, tana cewa, "Abba, ka yafe mana, mun ɗauka saurin da kake so ke nan." Shi kuma yana ba ta haƙuri wai ya katse musu atisaye. Ina gefe raina a ɓace, na rasa wanda zan yi wa faɗa, don kowannensu abin da aka koya masa ya yi.

Adde Warkitu ba ta rasa ba. Ta ɗaure takalman da igiya ta rataye su a can saman ɗaki inda hayaƙi ke taruwa. Da na je duba shi ta zuba mini gahawa, ta yi magana a gabansa kamar ba ya wurin.

"Obbo Gammada, kai ka san ƙafar nan, shi bai san ta ba. Ranar da ka ce in sauko da su, zan sauko da su. Amma in aka sake kawo mini shi a kwance, a murhu zan sa su, kai kuma kada ka ƙara shan gahawa a gidan nan."

Na yi zaton ya haƙura. Bayan mako shida, da kumburin ya saɓe, sai ya ce in faɗa masa yadda za a yi, zai bi. Ban yarda da shi ba, don haka na bi ta inda na san zai ji. Na tambaye shi, in Magal ya yi wata uku a ɗaure yana jinya, ranar da ya warke zai ɗora masa buhu goma ya kai shi har garin Asalla mai nisa? Ya ce sai dai mahaukaci. Ya shiga yi mini bayani da zafi: a fara jan shi da hannu ba kaya, a bi da shi ƙasa mai taushi, yau aiki gobe hutu, kullum da safe a shafa ƙafarsa a ji ko da zafi. Na bar shi ya gama tsaf, na ce to abin da za mu yi ke nan, shi ne dokin.

Abin da na gani a wata takwas da suka biyo baya har yanzu yana ba ni mamaki. Na yi jinyar zakaru, na san ba zafin atisaye ke gagararsu ba, haƙuri ne. Ka ce wa yaro ya huta kwana goma, a na huɗu za ka hango shi a fili. Dacasa kuwa, mai kunnen ƙashin da na sani tun muna yara, ya zama kamar ba shi ba. Ya daina hawa keken in ba kaya da yawa, yana tafiya a gefen Magal. Duk inda ya tsaya jiran fasinja sai ya hau matakalar keken da yatsun ƙafa, ya ɗaga dunduniya, ya sauke ta a hankali yana ƙirga goma sha biyar. Matan kasuwa suka sa masa suna mai rawar tasha. Wata ta ce in aure yake nema ya faɗa a taya shi. Ya ce mata ta bari ya gama ƙirga tukuna.

Bayan wata uku na ba shi izinin sassarfa. Adde Warkitu ta sauko da takalman, sun yi baƙi da hayaƙi, ta miƙa mini, ba shi ba. A makiyayar da ke ƙasan gari yake yi da tsakar rana, lokacin da masu gudu ke barci, don kada wani layi ya sake samunsa. Akwai jerin itatuwa a bakin makiyayar. Ya yi sassarfa itace goma, ya yi tafiya itace goma. Bayan mako biyu ya koma sha biyu da takwas. Kowace safiya kafin in buɗe ɗakina sai na biya gidansa, in tambaye shi yadda takun farko ya kasance da ya sauko daga gado, in ɗora babban yatsa a kan ƙullin. Sau biyu na ji ɗumi na ce a koma baya mako guda. Na shirya jin gardama, sai kawai ya ce to. A karon farko har na tambayi matarsa ko wani abu take zuba masa a kunu.

Damina ta zo ta wuce. Tumbin ya ragu har ya huda sabon rami a ɗamararsa. Ya kai yana sassarfa minti goma, ya yi tafiya minti biyu, sau huɗu a jere, ƙafa lafiya lau. Sai ya ce makiyaya ta ishe shi, daji yake so, kuma da safe kamar kowa.

Na ce masa ƙafar ta shirya, kansa ne ban sani ba. Daji ba makiyaya ba ne, za su zo, kuma ba za su wuce shi ba. Na ba shi shawara in je in roƙi kocin yaran ya ce musu in sun gan shi su canza hanya. Ya ƙi. Ya ce shi ba kuturu ba ne da za a riƙa kauce masa, kuma in sai an kore masa mutane zai iya gudu, to bai dawo ba ke nan. Na tambaye shi abin da zai yi in ya ji ƙafafu a bayansa. Ya ce shi ma bai sani ba sai ya ji su.

Wata Laraba ce bayan Maskal, bikin gicciye da muke yi a ƙarshen damina, ranar da yawancin ƙungiyoyi ke gudu mai sauƙi. Na hau wani tudu da ake hango cikin daji, da ɗan gwangwanin man shanun tausa a aljihu. Adde Warkitu ta ce ba za ta zo ba, amma na ga ta aza tukunya ba ta hura wuta ba. Dacasa ya shiga shi kaɗai, yana sassarfarsa ta makiyaya, wadda mai tafiya kasuwa da sauri zai iya jerawa da shi. Minti biyar bai yi ba sai ga su. Biftu ce kuma, Allah ya haɗa su. Na ga ta yi turus, ta waiga kamar mai neman wata hanya, babu. Ta shiga bayansa.

Daga inda nake na ga kafaɗunsa sun ɗaga. Na ga takun ya buɗe, ɗaya, biyu, uku, huɗu, irin takun da na bi shekara bakwai, mai kyau har yanzu. Na buɗe baki zan yi kira. Sai na ji wani ɗan fito siriri ya ratso itatuwa, na kuwa san shi, duk garin nan an san shi. Fiton da yake wa Magal ne in za su gangara tudu da kaya. Kansa yake yi wa. Kafaɗun suka sauka, takun ya koma ƙarami. Ya ƙyasta yatsa ya nuna hagu, ya bar hanyar da kowa ke bi, ya kutsa tsakanin itatuwa inda ganye ya yi laushi, yana lanƙwasawa a hankali. Ƙyastawar ta bi layi har ƙarshe.

Ba su daɗe ba wani layin samari ya ci karo da su, suka ga Biftu a bayan wani tsoho, suka ɗauka wani sabon atisaye ne, suka shiga. Wani layin ma haka. Na fara ƙirgawa na kai sittin na ɓace. Ga yaran da ake nunawa a talabijin, waɗanda mota ke wahala kafin ta bi su a kan titi, suna ɗaga ƙafa suna saukewa da saurin mai keken doki. Ba ka jin komai sai sauka ɗaya ta ƙafafu da ƙyas, ƙyas na yatsu.

Sai minti gomansa suka cika. Na san za su cika, ni na tsara, amma ban taɓa tunanin abin da zai faru ba in suka cika da mutum sittin a bayansa. Tun da nake ban taɓa ganin layi yana tafiya a dajin nan ba, ba a yi, abin kunya ne. Dacasa ya ɗaga hannu sama, ya daina gudu, ya kama tafiya. Biftu ta kusa karo da bayansa. Ta tsaya, ta dubi ƙafarsa, ita ma ta kama tafiya. Haka abin ya bi su ɗaya bayan ɗaya har na ƙarshe, suna tafe a jere cikin hasken safiya, tururi na tashi daga kawunansu, babu mai dariya. Na ji hawaye na zubo mini, ban share ba. Da minti biyu suka cika ya ƙyasta yatsa, suka ɗauka tare. Sau huɗu ya yi haka, bai ƙara ko taku ɗaya a kan abin da muka shirya ba.

Da suka fito bakin daji yaran suka kewaye shi suna kama hannunsa da hannu biyu. Kocinsu, wanda ya iso a tsakiyar abin ya tsaya kusa da ni baki buɗe, ya ce shekara goma yana roƙon yaran nan su yi gudun Laraba a hankali, ba su taɓa yi ba, rabin masu ciwonsa daga nan suke samowa. Ya tambaya ko dattijon zai yarda ya riƙa jan su duk mako. Ni hankalina na kan ƙafa. Na ture yaran na durƙusa, na zare takalmin hagu, na ɗora yatsa a kan ƙullin. Na danna, na sake dannawa, na zagaya ta ɗaya gefen. Sanyi ƙalau, ba kumburi, bai ko motsa fuska ba.

"Yaya dokin naka?" ya tambaya yana haki.

Na ce gahawata ta tsira. Ya yi dariya, ya dafa kafaɗata don ya mayar da takalmin. Sai ya sunkuyo, ya rage murya yadda yaran ba za su ji ba.

"Ka ga, mutum sittin, ko ɗaya bai taka mini dunduniya ba."

Shekara talatin da biyu ina jiran ya faɗi wannan magana, kuma ban taɓa zaton da dariya za ta zo ba. Na kasa ɗago kai. Na ce masa na sani, kullum ina sane, ban san yadda zan fara ba ne. Ya ce shi ma laifinsa ne, wanda ke gaba shi ke da sauri a hannunsa, sai yau ya gane. Ya ɗaure igiyar takalmin, ya miƙe, ya dubi tumbina, wanda ya fi nasa na da.

"Ka fara tafiya wata biyu, kamar yadda mai tausata ya ce. In ka gama ka zo. Wurinka na bayana yana nan, ban ba kowa ba."